Takardar gwaji ta nuna ANA a jinin ƙanwata, ko lupus ce ke nan?

Wata baiwar Allah daga Gwammaja ta aiko da tambaya a kan ƙanwarta mai shekara 27, matar aure da 'ya'ya biyu. Ta ce ta kusa shekara tana fama da ciwon gaɓoɓin hannu da kasala da zazzaɓin da yake tafiya yana dawowa. An yi mata maganin maleriya da na taifod har an gaji, gashinta kuma ya fara zuba. Daga baya wani likita ya rubuta gwajin jini, takarda ta fito da "ANA positive 1:160" da "RF positive". Wani ya ce musu lupus ce, wani ya ce amosanin gaɓoɓi ne, wani kuma ya ce kada su damu, gwajin ba ya nufin komai. Tambayarta ita ce: maganar wa za su kama, kuma akwai wani gwajin jinin da zai raba gardama?

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya tashi kafaɗunta. Ba a sa wa irin wannan ciwo suna sai an ga mara lafiya an duba ta, amma zan gaya miki yadda nake karanta irin wannan takarda idan aka ajiye min ita a kan tebur. Duk mutum ukun da suka ba ku amsa sun yi gaggawa. Takardar ita kaɗai ba ta isa a ce lupus ce ba, ba ta kuma isa a watsar da maganar ba, balle ga mace mai waɗannan shekaru da ta zo da waɗannan alamu. Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin takardar da bayanin da kika rubuto na halin da take ciki, bayaninki zan ɗauka, don shi ne yake ba takardar ma'ana.

Allah ya halicci jikinmu da garkuwa. Idan ƙwayar cuta ta shiga, wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jini sukan ƙera wani sinadari da ake kira antibodi, wanda yake manne wa baƙon abu don a gane shi a hallaka shi. Kowane antibodi da abin da aka ƙera shi dominsa, na ƙyanda daban, na ciwon hanta daban. Shi ya sa yaron da ya taɓa yin ƙyanda ba ya sake yi. A wasu mutane tsarin yakan kuskure, jiki ya ƙera antibodi a kan naman kansa, ko gaɓa ko ƙoda ko fata ko jijiya. Cututtukan da suke zuwa ta wannan hanya sun haura 80, lupus da amosanin gaɓoɓi suna cikinsu. Ba a ɗaukarsu daga wani, ba sa bin kwano ko shimfiɗa, kuma ba ƙanjamau ba ne. Na faɗi wannan ne don na sha ganin yadda fuskar miji take canjawa da zarar an ambaci garkuwar jiki. A ƙanjamau garkuwar ce take karyewa. A nan tana nan da ƙarfinta, inda take kai bugun ne ba daidai ba.

ANA shi ne antibodin da yake kama cibiyar ƙwayar halitta, can tsakiya inda kayan gado suke. An fara gano alamarsa a 1948, lokacin da wani likita a Amurka, Malcolm Hargraves, ya ga wata irin farar ƙwayar jini da ta haɗiye cibiyar 'yar'uwarta a ɓargon masu lupus. A ƙarshen shekarun 1950 aka samo hanyar da har yau ita ce ma'auni. Ana ɗiban jini a bar shi ya daskare, a ware ruwan da ya taso sama mai launin rawaya. Sai a ɗiga shi a kan ɗan gilashin da aka shimfiɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam da aka rena a ɗakin gwaji, ana ce musu HEp-2. A jira ɗan lokaci, a wanke, a zuba wani rini mai ƙyalli da ba ya kama komai sai antibodi. Daga nan ma'aikaci ya kashe fitila ya leƙa madubin likita. Idan babu ANA duhu zai gani. Idan akwai, sai cibiyoyin su haska kore shar. Wani lokaci hasken ya cika cibiyar baki ɗaya, wani lokaci ɗigo-ɗigo, wani lokaci 'yan dunƙule biyu ko uku kawai. Wannan zane ma yana da abin da yake faɗa wa likita, shi ya sa takarda mai kyau takan rubuta shi.

Ita kuwa lambar 1:160, ki ɗauke ta kamar zoɓo. Ki surka ludayi ɗaya na zoɓo da ruwa har ya zama ludayi 40, ki duba ko da sauran ja. In akwai, ki ninka ruwan ya kai 80, sannan 160, sannan 320, 640, har jan ya ɓace. Zoɓon da ya yi kauri shi ne zai sha ruwa da yawa bai bar launinsa ba. Haka ake yi wa ruwan jinin, kuma lambar da aka rubuta ita ce surki na ƙarshe da aka ga haske a cikinsa. Saboda haka 1:40 ɗan kaɗan ne, 1:1280 mai yawa ne ƙwarai, na ƙanwarki kuwa yana tsaka-tsaki.

Ga abin da ba a cika gaya wa mutane ba idan an miƙa musu takarda. Masu lafiya ƙalau da yawa suna da ANA. A 1997 an wallafa wani bincike da ɗakunan gwaji na ƙasashe daban-daban suka yi a kan jinin mutanen da babu abin da yake damunsu. Kusan kashi 32 cikin 100 sun nuna ANA a 1:40, kashi 13 a 1:80, kashi 5 a 1:160, kashi 3 a 1:320. Da za a shiga Kantin Kwari da safe a ɗebi jinin mutum 1,000 da suke ta cinikinsu, a wannan lissafi wajen 130 za su fito da ANA a 1:80, wajen 50 a irin lambar ƙanwarki. Masu lupus na gaske a cikinsu da wuya su wuce ɗaya ko biyu, mai yiwuwa ma babu ko ɗaya. ANA ya fi yawa a mata da tsofaffi da dangin masu irin waɗannan cututtuka. Wasu magunguna ma suna tayar da shi, irin su isoniazid na tarin fuka, da hydralazine da methyldopa na hawan jini.

Mu a nan muna da ƙarin dalili na yin hattara. Jikin da ya girma yana kokawa da maleriya da tsutsar ciki da tarin fuka da ciwon hanta, garkuwarsa kullum a tsaye take, kuma takan zubo antibodi iri-iri da ba su da wata illa. Tun a ƙarshen shekarun 1960 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, da yake aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya lura da haka: shi da abokan aikinsa sun sami ANA da RF, wani antibodin da ake nema a amosanin gaɓoɓi, a jinin 'yan Najeriya masu lafiya da yawa. A 1968 ya kuma rubuta cewa lupus da amosanin gaɓoɓi ba su cika bayyana a asibitin ba. Wannan magana ta biyu ta daɗe a bakin likitoci, har ta zama idan budurwa ta zo da zazzaɓi da ciwon gaɓa ba a ma kawo lupus a rai. Daga baya likitocin gaɓoɓi na ƙasar nan, irin su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas, suka fito da rahotannin marasa lafiyar da suke gani, aka gane cutar tana nan, nemanta ne ba a yi. An kuma san cewa a Amurka da Ingila ta fi kama baƙar fata, kuma ta fi yi musu tsanani. Tara cikin goma na masu ita mata ne, yawanci tsakanin shekara 15 da 45.

Saboda haka kuskure biyu nake gani a Kano, kuma sun saɓa wa juna. Akwai mai lafiya, ko mai ciwon jiki na gajiya kawai, da aka yi wa gwaji babu dalili, aka ce masa yana da lupus, aka ɗora shi a kan prednisolone, maganin da yake danne garkuwar jiki, har fuskarsa ta kumbura sukari ya kama shi. Akwai kuma mai lupus ta gaske da ta shekara biyu ana yi mata allurar taifod, ba a gane ba sai da ƙafafu suka kumbura ƙoda ta taɓu. Na biyun ya fi yawa kuma ya fi ci min rai. Shi kansa gwajin Widal da ake dogara da shi a ce taifod ce, gwajin antibodi ne, tun 1896 ake yinsa, kuma yana fitowa a jinin mutanenmu da yawa da ba su da taifod. Zazzaɓin da aka yi wa maganin maleriya da taifod sau uku bai tafi ba, ya kamata a tsaya a sake tunani, kada a sake rubuta maganin a karo na huɗu.

Amfanin ANA na gaske yana ɗaya ɓangaren. Fiye da kashi 95 cikin 100 na masu lupus suna da shi. To idan aka yi shi ta hanya mai kyau bai fito ba, da wuya ƙwarai a ce lupus ce, sai a nemi dalilin ciwon a wani wuri. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Turai da Amurka suka fitar a 2019 a kan haka aka gina ta: sai an sami ANA aƙalla 1:80 kafin a fara lissafi, sannan a tara maki 10 daga alamun jiki da sauran gwaje-gwaje, kuma dole a sami aƙalla alama ɗaya a jikin mutum, ba a takarda kawai ba. An tsara ta ne don masu bincike, amma ta nuna yadda ake tunanin. Ƙanwarki ta cika sharaɗin farko, yanzu ne aikin zai fara.

Maganar RF ta fi ta ANA rauni. Tsohon gwaji ne, Erik Waaler na ƙasar Nowe ya bayyana shi a 1940. Wajen kashi 70 cikin 100 na masu amosanin gaɓoɓi suna da shi, amma yana fitowa a ciwon hanta nau'in B da C, da tarin fuka, da maleriyar da ta daɗe, da tsufa, da ita kanta lupus. Mai ciwon gaɓa da RF ya fito masa a garin nan, kafin in ce komai sai na duba hantarsa. Gwajin da ya fi shi nuna amosanin gaɓoɓi shi ne anti-CCP, wanda masu bincike a ƙasar Holan suka samar a ƙarshen shekarun 1990. A cikin mutum 100 da ba su da cutar, wajen biyar ko ƙasa da haka ne zai fito musu. Duk da haka hannun mara lafiya nake fara kallo. Amosanin gaɓoɓi yana kama ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare, su kumbura su yi laushi idan an matsa. Da asuba hannun yakan sandare fiye da rabin awa, har sa'a guda ko fiye. Mace za ta ce miki ba ta iya murɗa famfo don alwalar asuba, ba ta iya matse wanki, zobenta ya daina shiga, sai hantsi ya yi hannun yake saki. Wannan daban yake da ciwon gwiwar tsohuwa mai jiki, wanda yake ƙaruwa da tafiya ya lafa da hutu. Shi wannan zaizayewar gaɓa ce, ba ya buƙatar gwajin antibodi ko ɗaya, ko da yake duka biyun sanyin ƙashi muke ce musu.

Bari in ɗan ratse kan wani gwajin antibodi da ake kira ASO, don kusan duk mai ciwon gaɓa sai na gan shi a cikin takardunsa. Abin da yake nunawa kawai shi ne mutum ya yi ciwon maƙogwaro na wata ƙwayar cuta a 'yan makonnin baya. Yana da amfani ga yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 da ake zargin zazzaɓin da yake lalata ƙofofin zuciya. Babban mutum mai ciwon yatsu da aka sa wa allurar penisilin duk wata saboda ASO ya hau, wahala kawai ake ba shi.

Idan ANA ya fito kuma alamu sun goyi baya, sai a yi wa jinin tambaya ta biyu: mene ne takamaimai antibodin yake kamawa a cikin cibiyar? A nan ake samun gwaje-gwajen da suke raba gardamar da kike nema. Anti-dsDNA yana fitowa a wajen kashi biyu cikin uku na masu lupus, ba kasafai yake fitowa da yawa a wanda ba shi da ita ba, kuma yakan tafi tare da ciwon ƙoda. Anti-Sm ba ya fitowa sai a 'yan kaɗan, ko da yake ya fi yawa a baƙar fata, amma idan ya fito kusan a ce magana ta ƙare. Sai C3 da C4, waɗanda ba antibodi ba ne, sinadarai ne da garkuwa take cinyewa idan cutar ta tashi, saboda haka raguwarsu ce alama. Akwai kuma anti-Ro da anti-La da suke zuwa da cutar bushewar ido da baki, da Scl-70 da anti-centromere na cutar da take sa fata ta yi tauri yatsu su yi fari ko shuɗi a sanyin hunturu, da Jo-1 na kumburin tsoka. Ba duka ake yi wa kowa ba. Likita yana zaɓa ne gwargwadon abin da ya ji da abin da ya gani.

Amma da a ce kuɗin gwaji ɗaya tak ya rage muku, fitsari zan ce a gwada. Shi ne mafi arha a cikinsu duka, ana yinsa a kowane asibiti, kuma shi ne ya fi ceton rai. Tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu lupus cutar takan taɓa musu ƙoda, kuma ƙoda ba ta ciwo a farko. Mace tana yawonta, furotin yana zuba a fitsarinta wata da watanni ba ta sani ba. Alamar da za ta iya gani da idonta ita ce kumfa mai yawa a fitsari da ba ta faɗawa da wuri, da kumburin fatar ido da safe, da takalmin da ya fara matse ƙafa da yamma. Idan aka kama shi a matakin da ɗan tsinken gwaji ne kawai yake canja launi, magani yana iya tsare ƙodar. Idan aka bari sai jiki ya kumbura jini ya hau, wani lokaci maganar wankin ƙoda ake yi, kuma kin san abin da wannan yake yi wa iyali. Tare da fitsari a auna hawan jini, a yi ƙidayar ƙwayoyin jini, a duba aikin ƙoda da na hanta, a yi ESR da CRP, gwaje-gwajen jini da suke nuna ko akwai kumburi a cikin jiki. A lupus sau da yawa za a ga jini ya yi ƙasa, fararen ƙwayoyi sun ragu, ESR ya hau sosai amma CRP bai bi shi ba. Idan CRP ya hau ƙwarai ga zazzaɓi, sai mu fara neman ƙwayar cuta. A tabbatar kuma da rukunin jininta na sikila, don ciwon gaɓa da ƙarancin jini suna cikin duka biyun, kuma mai sikila ma tana iya samun lupus a ɗora komai a kan sikilar.

Tunda matar aure ce a shekarun haihuwa, akwai tambayoyin da zan yi mata ko da ba ta kawo su ba. Ta taɓa yin ɓari? Sau nawa, a wata na nawa? Ɗa ya taɓa mutuwa a cikinta? Ta taɓa yin jijjiga ko hawan jini mai tsanani da juna biyu? Ƙafarta ɗaya ta taɓa kumbura da ciwo? Dalili shi ne akwai wasu antibodi uku, lupus anticoagulant da anticardiolipin da anti-beta-2 glycoprotein, da suke sa jini ya riƙa daskarewa a cikin jijiya da mabiyiya. Likita Graham Hughes na Landan ne ya bayyana ciwon a 1983. Yana sa ɓari a jere, yana sa shanyewar ɓarin jiki ga matashiya. Mata nawa ne a garin nan aka ce musu iska ce ko sammu, alhali ƙaramin asfirin da allurar heparin mai tsinka jini a lokacin goyon ciki suna sa yawancinsu su haihu lafiya? Sai dai shi ma wannan gwaji ba a yanke hukunci da fitowa ɗaya. Dole a maimaita bayan mako 12, don zazzaɓi ko wata ƙwayar cuta tana iya tayar da shi na ɗan lokaci ya koma. Kuma a gaya wa masu gwajin idan tana shan maganin tsinka jini, don yana rikita sakamakon.

Akwai wani abu a nan da ya taɓa raba aure, shi ya sa nake son kowa ya san shi. Gwajin VDRL da ake yi wa mata wajen awo don neman tunjere, da sinadarin cardiolipin ake yinsa. Mace mai lupus ko mai waɗannan antibodi tana iya fitowa da shi alhali ba ta taɓa kusantar cutar ba. Duk wadda VDRL ya fito mata, a tabbatar da gwaji na biyu irin su TPHA kafin kowa ya buɗe baki. Shi kuwa anti-Ro yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, kuma a ciki ɗaya ko biyu cikin 100 yakan rage bugun zuciyar jariri. Kaɗan ne, amma ya isa a sa ido a kan zuciyar ɗan daga wajen mako na 16 zuwa na 26.

Sauran cututtukan wannan gida kowanne da nasa gwajin, kuma ANA ba ya gano su. Mai maƙoƙo da kasala da jin sanyi akan duba anti-TPO, mai rama da bugun zuciya da fitowar ido akan duba TRAb, bayan an auna sinadarin maƙoƙon kansa. Wanda fatar idonsa take faɗowa da yamma, yana gani biyu-biyu, tauna tana gajiyar da shi, akwai antibodin da yake tare saƙo tsakanin jijiya da tsoka. Yaro ko matashin da ake shakkar wane irin ciwon sukari ne da shi akan duba GAD. ANCA na kumburin jijiyoyin jini ne. Mai gudawa da rama da ake zargin alkama ce ba ta karɓe shi ba akan yi masa tTG, amma sai yana kan cin burodi da taliya da gurasa, don idan ya daina makonni kafin gwajin, zai fito kamar babu komai.

Rashin fitowar gwaji ma ba kullum yake wanke mutum ba. Wajen kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu amosanin gaɓoɓi ba su da RF ba su da anti-CCP, ga gaɓoɓi a kumbure ana gani. Waɗannan magani ake ba su, ba a cewa su jira takarda. Haka kuma antibodi yana iya riga ciwo zuwa. A 2003 an binciki tsohon jinin da rundunar sojin Amurka ta adana na mutum 130 da daga baya suka kamu da lupus, aka tarar kashi 88 cikin 100 suna da antibodi tun kafin a gano cutar, wasu da shekara tara. Wannan ba ya nufin duk mai ANA yana kan hanya, yawancinsu har su tsufa ba abin da zai same su. Mai ANA da ba shi da wata alama ba a ba shi magani, ana gaya masa alamun da zai lura da su ne kawai.

Game da inda za a yi gwajin, ki tambaya wace hanya suke bi. Ta gilashi da hasken nan da na bayyana ita ce ta fi. Akwai ta inji da ake kira ELISA, tana da sauri amma takan tsallake wasu. Takardar da ta ce "positive" kawai babu lamba babu zane, amfaninta kaɗan ne. Wasu ɗakunan gwaji aika jinin suke yi Legas ko waje, saboda haka sakamako yakan ɗauki kwanaki, wannan ba laifi ba ne. Ba a buƙatar zuwa da yunwa. Kada ku sayi tarin gwaje-gwaje goma sha a dunƙule don an ce akwai rangwame, domin duk yawan abin da aka gwada babu dalili, haka yawan damar wani ya fito a banza ya tayar muku da hankali. Kada kuma ku riƙa maimaita ANA duk wata uku kuna jiran ya sauka. Ba ya bin tashi da kwanciyar ciwo, yana iya zama a jini har abada mutum yana lafiya. Waɗanda ake bibiya su ne fitsari da ƙidayar jini da anti-dsDNA da C3 da C4.

Shawarata ita ce ku nemi takardar turawa zuwa sashen likitocin manya a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku ce likitan gaɓoɓi kuke son gani, kuma kada a ja lokaci. Kafin ranar, ta daina karɓar haɗin kemis. Yawancin ƙullin maganin ciwon jiki akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, haka ƙwayoyin ƙibar nan da ake kira sha-ka-fashe. Suna kwantar da ciwon na kwana biyu, su ɓoye alamun da likita yake nema. Amma idan ta yi makonni tana shan su kullum, kada ta yanke lokaci ɗaya, yin haka yana da haɗari, ta kai wa likita ya rage mata a hankali. Diclofenac da ibuprofen ma a ja baya da su har a ga lafiyar ƙodar. Idan aka tabbatar lupus ce, akwai magani, kuma mata da yawa suna aurensu suna haihuwa suna aikinsu da ita. Ginshiƙin maganin shi ne hydroxychloroquine, ɗan'uwan tsohon chloroquine da muka sani, ana shansa har da juna biyu, sai dai a riƙa duba ido lokaci-lokaci. Idan amosanin gaɓoɓi ne, yawanci methotrexate ake farawa da shi, sau ɗaya a mako ake sha ba kullum ba, ba a ɗaukar ciki a kansa, kuma sai an duba ciwon hanta tukuna. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ko ɗaya daga cikin waɗannan, a haɗa su. In kuwa ta fara kumburi, ko ciwon ƙirji idan ta ja numfashi, ko jijjiga, ko ruɗewa da surutai, ko zazzaɓi mai zafi tana kan prednisolone, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a daren.

Ranar ganin likita ta zo da duk takardun gwajinta na baya, da kwalayen duk abin da take sha har na gargajiya. Kada ta shafa hoda ko man bilicin, don da yawansu akwai sinadarin da yake danne ƙurajen fuska, kuma a fatarmu ƙurajen lupus ba ja suke yi ba, duhu suke yi a kumatu da karan hanci, su ƙaru idan an sha ranar Maris da Afrilu. Kada ta sa sabon lalle, ana son ganin gindin farce da tafin hannu. Ta tsefe kitso don a duba fatar kai da cikin kunne ko akwai tabo, za a kuma haska ganɗarta, domin gyambon lupus a baki sau da yawa ba ya zafi, mai shi ba ta san yana nan ba. Idan ƙurajen ko kumburin gaɓar suna zuwa suna tafiya, ki ɗauke su hoto da waya ranar da suka fito, ki rubuta kwanan watan.